Ruwan Wankin Hannu

Idan ka taso daga Dutsin-Ma ka nufi Kurfi, ka ratse inda kwalta ta rabu da hanyar garinmu, za ka iske wani kwari da aka fara yi wa gada aka watsar. Rodi na nan tsaye sun yi tsatsa, ramin tushe ya zama wurin shan ruwan awaki. A bakin ramin akwai wani mutum da ke wuni a zaune, sanye da shaddar da ta ga jiya ta ga yau. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ce, "Don Allah, wani abu ya faru? Ka faɗa mani." Baƙi kan yi dariya su wuce. Mu 'yan gari ba ma dariya. Sunansa Munzali, kansilanmu ne a da. Sunan garin kuwa ku bar ni da shi, abin da ya same mu ya ishe mu.

Munzali ba mugu ba ne tun asali, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Dillalin kifi ne a bakin dam ɗin Zobe, mai fara'a, mai zaƙin baki. Shi ne ma ya koya mana tambaya. Duk ranar kasuwa masu tikiti za su bi rumfa-rumfa, mai tumatir ya biya, mai akuya ya biya, har tsohuwar da ta kasa daddawa a faifai ba a ƙyale ta ba. Amma ɗakin shan maganinmu iska ta yaye rufinsa an bar shi haka, kwarin nan kuwa duk damina sai ya raba mu da duniya. Munzali ne ke hawa kan benci ya ce, "Jama'a, ina kuɗinmu suke tafiya?" Saboda wannan tambayar muka zaɓe shi.

To, mutanen garinmu ba su da arziki, amma suna da baki. Kansilan da ya gabace shi da baki muka kore shi, a majalisa, a gidan suna, a shirin rediyo na kiran waya. Munzali ya fi kowa sanin haka. Da ya shiga ofis ya ga yadda ake raba aiki a ɗaki, a yi rabi a ci rabi, wani lokacin ma a ci duka, sai ransa ya biya. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya, mu.

Abin da ya biyo baya ba jita-jita ba ne. Shi da bakinsa ya faɗe shi a tsakiyar kasuwa daga baya, lokacin da ba shi da sauran abin ɓoyewa.

A bayan Kurfi, cikin duwatsu, akwai wani boka da ake kira Mai Tuluna. Munzali ya je wurinsa da rana tsaka, lokacin da ko kare ya nemi inuwa. Wurin tsagar dutse ne, sai ka shiga a karkace. Ciki akwai sanyi irin na rijiya, da warin kashin jemage da ƙonannen gashi. Babu ƙoƙon kan mutum, babu jan ƙyalle. Tuluna ne kawai, ƙanana da manya, jere a jikin dutse har inda ido ya daina gani, kowanne an liƙe bakinsa da yumɓu an rataya masa kwaɗo da igiyar fata. Munzali ya ce da ya yi shiru sai ya ji suna wani irin guna-guni, kamar hayaniyar kasuwa idan kana jiyo ta daga gona.

Bokan ɗan ƙaramin tsoho ne, mai sanyin murya, yana zaune yana murza igiya a cinyarsa. Bai ɗago kai ba.

"Mi ke tafe da kai?"

"Arziki nike nema, Baba."

"Ƙarya kake. Arziki yana hannunka tun ranar da aka ba ka kujera. Faɗi abin da ya hana ka ci."

Munzali ya ce, "Bakin mutane."

"Yauwa." Tsohon ya ajiye igiyar. "Ka yi walimar cin zaɓe?"

"Ban yi ba tukuna."

"Ka je ka yi. Ka yanka sa, a tuƙa tuwo, kada ka ba kowa cokali. Ka aje baho guda na wankin hannu, kowa ya gama ya wanke a ciki. Wanda ya ci tuwo da hannu sai ya lashe yatsa, ka ga yawunshi da hannunshi duk sun shiga ruwan. Kada a zubda ko ɗigo. Ka kawo mani shi, da harshen san."

"Jini fa? An ce kuna neman jini."

"Ni ba ni da abin yi da jinin kowa."

"To mi zan biya?"

A nan ne tsohon ya ɗago ya dube shi. "Ka buɗe kunnenka. Duk wanda hannunshi ya shiga ruwan nan, ba ya ƙara faɗa maka abin da ba ka son ji. Ba da baki ba, ba da hannu ba. Ba kai ba, ba na sama da kai ba. Ka ji abin da na ce? Abin da ba ka son ji."

"Ai shi na zo nema, Baba."

"Shi ne kuɗin aikin."

Munzali ya yi dariya, ya ɗauka ya samu banza. Ya ce tsohon bai taya shi dariyar ba, ya dai koma kan igiyarsa.

Walimar da aka yi ba a taɓa irinta a garinmu ba. Tuwon shinkafa, miyar taushe, nama har yara suka ƙoshi suka bari. Kowa ya ci, ni ma na ci, na kuwa lashe yatsuna. Muka yi layi a kan babban bahon roba muna wanke hannu muna sa masa albarka. Mutum ɗaya ce ba ta ci ba, matarsa Rahamatu, domin ranar tana ramuwar azumi, tana can tana fama da tukwane.

Bokan ya ɗinke harshen san da baƙin zare, ya jefa a sabon tulu, ya juye ruwan a kai, ya liƙe, ya datse kwaɗo. Ya ce a binne shi a ƙarƙashin inda Munzali ke karɓar gaisuwa. Ya ƙara da cewa idan akwai wanda ya rage, a zuba ruwan wankin hannunsa a kan wurin, ƙasa za ta kai saƙo. A zauren gidan mahaifiyar Munzali, Inna Dije, aka binne tulun aka shafe da siminti.

Ba zan manta ranar da muka fara ganewa ba. An zo an haƙa ramin gada, an kafa rodi, ma'aikata sun kwashe kayansu sun ɓace. Muka haɗa tawaga, Malam Ummaru a gaba, dattijon da ko hakimi yana shakkar bakinsa. A hanya yana ta cika yana batsewa, yana cewa yau sai Munzali ya gane kurensa. Muka shiga zaure muka zauna. Malam Ummaru ya gyara murya, ya nuna shi da yatsa, sai muka ji ya ce, "Honarabul, godiya muka zo. Aiki ya yi kyau, Allah shi ƙara girma."

Na ga idon tsohon ya firfito. Na ce bari ni in faɗa. Maganar tana nan a ƙirjina sarai, na ji ta taso ta iso maƙogwaro, sai wani abu ya kama harshena ya juya shi kamar yadda ake juya waina a tanda. Na ji muryata tana cewa, "Sai kai, Honarabul." Muka fito kowa na kallon ƙasa. Malam Ummaru ya jingina da katanga yana hawaye.

A tsakaninmu muna iya magana, mu yi ta zagi har mu gaji. Amma da zarar an tsaya gabansa, ko an kira rediyo, ko an ɗauki waya za a rubuta masa saƙo, sai yabo. Da masu duba ayyuka suka zo daga sama, a zaure aka sauke su aka cika su da kaji. Suka tambaye mu maganar gada da ɗakin magani, muka ce an kammala, muna godiya. Suka goge baki suka shiga mota, ko leƙa kwarin ba su yi ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe wa Munzali. Kowane aiki aka ware wa mazaɓarmu a aljihunsa yake sauka. Ya gina gida a Dutsin-Ma mai get ɗin ƙarfe, ya sayi babbar mota mai cin laka, ya je Makka ya dawo Alhaji. Manyan jam'iyya suka fara nuna shi suna cewa ga kansilan da ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Mu kuwa muna biyan tikiti duk ranar kasuwa.

Saura baki ɗaya, na Rahamatu. Mace ce mai kunya amma ba ta iya ganin ba daidai ba ta yi shiru. Tana zuwa suna da biki a garinmu, tana jin abin da mata ke faɗa, tana kawo masa gida.

"Alhaji, matar Misbahu ta haihu a bakin kwari, ruwa ya hana su ƙetarewa. Ɗan bai zo da rai ba."

"Ni na kashe shi?"

"Ban ce ba. Amma kuɗin gadar nan a ina suke? Wallahi kunya nike ji in shiga cikin mata da zinaren ga a wuyana."

"To ki cire."

"Ka ji tsoron Allah, Baban Nana. Mutanen nan su suka ɗora ka."

Yau ta faɗa, gobe ta faɗa. Mutumin da ya saba da yabo kuwa, magana ɗaya mai ɗaci sai ta hana shi barci. Wata rana suna garinmu, ta gama cin abinci, sai ya ɗauko kwano da buta da kansa ya zuba mata ruwa ta wanke hannu. Tunda suka yi aure bai taɓa yi mata haka ba. Ta yi ta murmushi, har ta ba ƙawarta labari cewa Alhaji ya fara sauyawa. Shi kuwa ya ɗauki kwanon ya nufi zaure. Wannan wurin shi ya fi ci mini rai a duk labarin.

Ba a jima ba Inna Dije ta kwanta ciwo. Munzali yana can Katsina yana neman kujerar da ta fi ta kansila. Rahamatu ce ta dawo gari tana jinya. Jikin tsohuwa ya yi tsanani, ɗakin magani ba rufi balle ma'aikaci. Rahamatu ta kira shi tana kuka, ya ɗauka, sai ta ji tana cewa, "Inna na gaishe ka, jiki ya yi sauƙi." Aka tura mutum takanas, ya je ya durƙusa ya ce gida lafiya lau. Ranar da Munzali ya ga damar zuwa, da ledar lemu a hannunsa, sai ya iske tabarmi a ƙofar gida. An riga an kai ta.

A ranar ya gane abin da ya saya. Ya koma cikin duwatsu a guje.

"Baba, uwata ta mutu ba wanda ya faɗa mani!"

"Kana son jin haka?"

"Wa ke son jin mutuwar uwarshi?"

"To."

"Ka kwance mani bakunan mutanen nan."

"Ba a hannuna suke ba. Tulu yana ƙarƙashin zaurenka, diga ɗaya ta isa. Amma ka sani, duk abin da suka haɗiye yana ciki, ba abin da ya ruɓe."

Munzali ya shiga lissafi. Zaɓen fidda gwani ya matso, an yi masa alkawarin tikitin takara. Idan bakinmu ya buɗe a lokacin, ya san ko akwatin ƙofar gidansa ba zai ci ba. Ya ce a ransa, bari a wuce zaɓe. Uwarsa tana cikin ƙasa ko ciyawa ba ta fito a kabarin ba, shi yana cewa bari a wuce zaɓe.

Yana da 'ya ɗaya tak, Nana Hadiza, mai sunan Inna Dije, shi ya sa yake kiranta Uwata. Yarinya ce mai surutu da son kallo. Duk lalacewar Munzali, son da yake yi wa yarinyar nan gaskiya ne.

Ana cikin zaman makoki aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe har bayan azahar. Da ya ɗauke, 'yan mata suka fita kallon yadda kwari ya cika, Nana ta bi su. Ta matsa bakin ramin gada, ƙasa ta zabtare da ita, ta faɗa kan rodi. Samari suka shiga suka ciro ta. Tana numfashi, amma jini yana zuba daga cikinta. Kwari ba ya ƙetaruwa, hanyar zagaye kuwa ta zama kunu, mashin ko taku goma ba ya yi. Mota ɗaya ce za ta iya fita da ita zuwa asibiti a Dutsin-Ma, ita ce ta ubanta. Aka ɗora ta a kan ƙyauren ƙofa ana tahowa a hankali, mu kuma muka ruga gaba.

Muka iske shi ya riga ya shiga mota ya tayar, za shi taron jam'iyya a Dutsin-Ma. Muka kewaye shi muna haki. Malam Ummaru ya buga gilashi, ya buɗe baki, sai ya ce, "Allah shi ba da sa'a, Honarabul!" Misbahu ya daka tsalle gaban mota yana ihu, abin da ke fitowa shi ne, "Sai ka yi! Sai ka yi!" Ni na ɗaga hannu in nuna masa kwari, ina ji ina gani yatsuna suka dunƙule suka koma jinjina.

Sai ga Rahamatu ta fito ba mayafi ba takalmi, labari ya iske ta a madafa. Ta kama ƙofar motar da hannu biyu. Jijiyoyin wuyanta sun tashi, bakinta yana rawa, tana kokawa da harshenta kamar mai shaƙewa.

Munzali ya sauke gilashi. "Rahamatu, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Ina Uwata?"

"Tana wasa." Hawaye na zuba har cikin bakinta. "A sauka lafiya, Alhaji."

Na rantse da Allah ya san akwai wani abu. Ina kallon fuskarsa. Ya dubi matarsa, ya dubi fuskokinmu, ya juya ya dubi ƙofar zaure inda tulun yake. Da ya fito kawai ya tsaya, da ya hango masu ɗauke da ƙyauren sun shawo kwanar masallaci. Sai wayarsa ta yi ƙara, babban mutum ne ke jiransa. Ya ciro kuɗi ya watso mana ta taga, ya ɓamɓare yatsun Rahamatu daga jikin ƙofa, ya ja mota. Muka bi shi cikin laka muna yi masa kirari muna kuka.

A kurar shanu muka sa ta. Shanu suna nutsewa muna turawa, uwar tana riƙe da kanta a cinya. Nana ta yi ta kiran Baba, sannan ta daina. Ba mu kai kwalta da ita da rai ba.

Ko mutuwar ba mu iya faɗa masa ba. Sai da Misbahu ya shiga Dutsin-Ma ya nemi Abraham mai kemis, wanda bai taɓa cin tuwon garinmu ba, ya roƙe shi. Abraham ne ya shiga tsakiyar taro ya kama hannun Munzali ya ce, "Alhaji, 'yarka ta rasu. Kana barin gida tana da rai."

Kafin magariba Munzali ya iso. Bai kalli kowa ba, ya karɓi diga ya shiga zaure ya yi ta sarar siminti har ya kai ga tulun. Da ya fashe, baƙin ruwa ya malalo, harshen san yana ciki ɗanye kamar yau aka yanka. Mu dai mun ji wani abu ya saki maƙogwaronmu, mata suka ɓarke da kururuwa gaba ɗaya. Shi kuwa ya saki diga ya toshe kunnuwansa ya faɗi yana birgima. Ya ce duk maganar da muka haɗiye ita ke shiga kansa a lokaci guda, da muryar kowa: ta Malam Ummaru, ta matar Misbahu, ta mai daddawa, ta ɗan aiken da ya je faɗa masa ciwon Inna. A saman su duka kuma muryar Rahamatu tana cewa, ka tsaya, Nana ta faɗa rami, kawo mota.

Sauran ba shi da tsawo. Bakinmu ya buɗe, muka faɗi abin da muka sani a inda ya kamata. Gida ya tafi, mota ta tafi, manyan da ke nuna shi suka ce ba su taɓa saninsa ba. Bokan an je nemansa, aka iske tsagar dutse ba kowa ba tulu ko ɗaya. Rahamatu danginta suka mayar da ita garinsu, Kuki. Ba ta duka ba ta zagi, tana zaune a bakin ɗaki. Amma tun ranar ba ta ƙara furta wata magana ba sai guda ɗaya. Duk wanda ya tashi zai fita, namiji ko mace, sai ta bi shi da ido ta ce, "A sauka lafiya, Alhaji."

To, ku masu kujera, ƙarama ko babba, da ku masu hanƙoron hawa, ku ji da kyau. Na san ƙorafin talaka ba daɗi. Amma bakin da ke tambayarka ina kuɗin tikitinmu, shi ne bakin da zai gaya maka gidanka ya kama wuta. Ba a rufe ɗaya a bar ɗaya. Ba kuma sai ka je wurin boka ba, wasunku da kuɗi suke ɗaure bakin mutane, wasu da tsoro, suna zaune cikin yabo suna jin daɗi. Dukiyar da sai mutane sun yi shiru za ka ci ta, wallahi ba ta ƙarewa sai ta haɗa da abin da ka fi so. Ku ji tsoron Allah.

Mu har yau muna biyan tikiti, gadar kuma tana nan yadda ya bar ta. Amma duk wanda ya zo da tikiti sai ya sha tambaya.

Munzali kuwa yana bakin ramin. Masu tausayi, idan ya tare su, kan ce masa, "Ba komai, Alhaji, lafiya lau." Sai ya fashe da kuka, domin ya san wannan amsar. Ni ba na yi masa haka. Idan ya riƙe rigata ya ce in faɗa masa, sai in tsaya in dube shi in ce, "Munzali, Nana ta faɗa rami. Kawo mota." Sai ya miƙe da sauri, ya fara laluben aljihu yana neman makulli.